Me ya sa ciwon baya ke zaunar wa wani, wani kuma kwana goma ya miƙe?

Wani bawan Allah ne ya turo tambaya, ɗan kasuwa mai sayar da hatsi, shekararsa 41. Ya ce wata tara da suka wuce ya sunkuya zai kama wa yaron shagonsa buhun gero sai ya ji ƙugunsa ya riƙe. Ya kwanta kusan sati uku, ya sha haɗin kemis, an yi masa ƙaho, an yi gashi, daga baya aka yi masa hoton MRI aka ce faifai biyu na ƙashin bayansa, wato guringuntsin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi, sun ɗan turo. Yanzu ciwon ya bar inda ya fara, ya hau har kafaɗa, wata rana ma a cinya yake jinsa, a kujera yake salla, barci kuma ya ƙaurace masa. Maƙwabcinsa ya yi irin wannan riƙewar amma kwana goma ya koma kasuwa. Wani likita ya ce masa sai tiyata, wani ya ce ba komai damuwa ce kawai. Shi ne yake tambaya me ya sa nasa ya zauna, kuma maganar wa zai kama.

Sannu Malam, Allah ya ba ka lafiya ya sa kaffara ne. Ni likitan fisiyo ne, mu da ake ce wa masu gashin ƙashi, kuma wallahi da wuya sati ya wuce ban zauna da mai irin labarinka ba. Abu na farko da nake so ka riƙe, ciwon nan da kake ji gaskiya ne, ba raki ba ne, kuma kar ka bari kowa ya sa ka fara zargin kanka. Amma dalilin da ya sa yake nan har yau wataƙila ya sha bamban da dalilin da ya kawo shi ranar buhun geron, kuma a kan wannan bambancin ne masu bincike suka shafe shekara sama da hamsin suna aiki.

Kafin mu shiga ciki, akwai alamomin da in kana da ko ɗaya daga cikinsu to ka ajiye karatun nan ka nufi asibiti yau ɗin nan. In fitsari ya fara riƙe maka ko yana zubowa ba ka sani ba, ko bayan gida, ko ka ji tsakanin cinyoyinka da mazaunai sun mutu kamar an yi maka allurar kashe zafi, ko ƙafa tana ta ƙara rauni har kana jan ta. Haka in kana ramewa ba dalili, da zazzaɓin dare da gumi, musamman in akwai tari ko ka zauna da mai tarin fuka, domin a ƙasarmu tibi na ƙashin baya yana nan kuma yana fara wa mutum kamar ciwon baya na yau da kullum. Mai sikila, da wanda ya taɓa yin ciwon daji, da dattijon da ke fama da matsalar fitsari, su ma ba a yi musu gaggawar cewa ciwon baya ne kawai. Tunda likitoci biyu sun duba ka har da hoto kuma ba ka ambaci ko ɗaya ba, zan ci gaba a kan cewa babu su.

To kai fa kana cikin taro mai yawa. Ƙididdigar da aka fitar ta duniya ta nuna a 2020 mutum miliyan 619 ne ke da ciwon ƙasan baya, ana hasashen za su kai miliyan 843 a 2050, kuma shi ne kan gaba a duk abubuwan da ke nakasa mutane su hana su aiki. Kusan kashi 90 cikin 100 ba a iya nuna takamaiman wuri guda a ce ga abin da ya lalace. Yawancin mutane suna samun sauƙi sosai a cikin sati shida na farko, kamar maƙwabcinka kenan. Tsoka da jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi suna gama haɗewa a cikin makonni zuwa wata uku, ƙashin da ya karye ma haka yake, shi ya sa aka yanke cewa ciwon da ya wuce wata uku ya zama ciwo mai naci. Hukumar Lafiya ta Duniya a sabon kundin sunayen cututtukanta da ya fara aiki a 2022 ta ba shi gurbinsa shi kaɗai, wato an yarda yana iya zama cuta mai zaman kanta ko da raunin farko ya tafi.

Mu mun taso da tunanin cewa yawan zafi shi ne yawan ɓarna. Ba haka jiki yake aiki ba. Ka dubi masu kuturta, abin da ke cinye musu yatsu yawanci rashin jin zafi ne, jijiyar ta mutu, mutum zai taka ƙaya ko ya ɗauki tukunya daga wuta bai sani ba har wurin ya zama gyambo. Zafi mai gadi ne da Allah ya sa mana. Kuma mai gadi yana iya yin kururuwa a kan abin da ba ɓarawo ba. A 1995 mujallar likitocin Birtaniya ta buga labarin wani magini ɗan shekara 29 da ya diro a kan ƙusa mai tsawon santimita 15, ta huda takalminsa ta ɓullo ta sama, aka kawo shi asibiti yana cikin azabar da ko taɓa ƙusar ba a iya yi sai da aka ba shi magani mai ƙarfi. Da aka cire takalmin sai aka ga ashe ƙusar tsakanin yatsunsa ta bi, ko ƙwarzane babu. Mutumin nan ba ƙarya yake ba, idonsa ya ga ƙusa ta ratsa takalmi, ƙwaƙwalwarsa ta yanke cewa akwai babban haɗari, ta samar da zafin da ya dace da abin da ta gani.

Yadda abin yake tafiya shi ne, a tsoka da gaɓa da fata akwai ƙananan bakunan jijiyoyi masu jin matsi da ƙuna da sinadaran kumburi. Su saƙo kawai suke aikawa. Saƙon ya shiga laka, wato wannan igiyar da ke cikin ƙashin baya, daga nan a miƙa shi sama. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin da ya canza fagen gaba ɗaya, suka ce a cikin laka akwai wani abu kamar ƙofa da ke iya buɗewa ko tsukewa, saƙon taɓawa da shafa yana tsuke ta, ƙwaƙwalwa ma tana aiko umarni daga sama a buɗe ko a rufe. Shi ya sa in ka buge ƙwauri da bakin gado hannunka yake zuwa ya murza wurin tun kafin ka yi tunani, kuma da gaske zafin yake raguwa. Shi ya sa kuma tausa da man zafi da ƙaho suke ba mutum sauƙi na awanni, ni ba na musun wannan sauƙin, sai dai ba ya daɗewa.

Inda maganarka take shi ne abin da Clifford Woolf ya gano a Landan a 1983. Ya yi wa ɓeraye ƙuna a ƙafa ɗaya sannan ya riƙa auna yadda jijiyoyin laka ke amsawa. Sai ya ga bayan raunin sun ƙara kaifi, ɗan taɓi kaɗan ya isa ya tayar da su, yankin da suke amsa wa ya faɗaɗa har ɗaya ƙafar da ba abin da ya same ta, kuma ko da ya yi allurar kashe zafi a wurin ƙunar kaifin bai koma ba. Ma'ana canjin ya riga ya koma cikin lakar kanta. Ka san amfilifayar masallaci, in aka murɗa ta har ƙarshe ko ɗan yatsa ladan ya goga a kan makirfo sai unguwa ta ɗauka, wani lokacin ma ta yi ta ƙara ita kaɗai ba wanda ya yi magana. To haka laka take yi in saƙon haɗari ya yi ta shigowa ba hutu, mahaɗun jijiyoyin suna ƙara ƙarfi, ƙwayoyin garkuwa da ke zaune cikin laka suna shiga maganar suna ƙara rura ta, birkin da ƙwaƙwalwa ke takawa daga sama kuma yana saki. A kwanakin farko wannan amfani ne, yana sa ka kiyaye wurin har ya warke, kamar yadda fatar da ke gefen ƙunar ruwan zafi ko riga ba ta so. A wurin yawancin mutane ana rage muryar da kanta in wurin ya haɗe. A wurin wasu kuma sai ta tsaya a sama. A 2017 ƙungiyar masu nazarin zafi ta duniya ta ba irin wannan ciwon suna, nosiplastik, domin a bambanta shi da ciwon rauni da kuma ciwon lalacewar jijiya.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne abin da ka faɗa da bakinka, cewa ciwon ya bar ƙugu ya hau kafaɗa yana yawo. Faifan da ya turo a ƙasan baya ba shi da hanyar da zai kai ciwo kafaɗa. Amma tsarin da muryarsa ta yi sama yana yin haka. In irinku suka shigo ɗakin duba marasa lafiya tun daga ƙofa nake ganewa, mutum ya shigo hannu ɗaya dafe da ƙugu, bel ɗaure a cikin riga, in zai zauna sai ya riƙe numfashi ya sauka a hankali bayansa a miƙe sak kamar an saka masa katako. In ce masa Malam ɗauko min biron nan a ƙasa, sai ya kalli biron ya kalle ni, goshinsa ya fara tsatstsafo gumi tun bai motsa ba. In ɗora babban yatsana a bayansa da matsin da bai kai na danna maɓallin waya ba sai ya zabura, in koma kafaɗa ko damtse inda bai taɓa jin rauni ba nan ma haka. Amma mutumin nan in na kwantar da shi rigingine na ce ya jawo gwiwoyinsa zuwa ƙirji sai ya yi lafiya lau, alhali bayan ya lanƙwasa daidai da yadda zai lanƙwasa in ya sunkuya. Wasu in na nuna musu haka shiru suke yi na ɗan lokaci, akwai wanda ya yi hawaye.

Sai kuma ƙwaƙwalwa. A jami'ar Northwestern da ke Shikago a Amurka, Vania Apkarian da abokan aikinsa sun ɗauki mutum kusan 40 da ciwon bayansu bai wuce wata huɗu ba, suka bi su shekara guda suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu sau huɗu. Kusan rabi suka warke, rabi ciwon ya zauna. Sakamakon da suka buga a 2012 ya nuna tun a hoton farko akwai bambanci, waɗanda ciwon zai zauna musu alaƙar da ke tsakanin sashen gaban ƙwaƙwalwa da wani sashe mai kula da koyo da kwaɗayi da gudun abin ƙi ta fi ƙarfi. A 2013 suka ƙara nuna cewa a wurin waɗanda ciwon ya daɗe, aikin yana tashi daga sassan jin zafi na jiki ya koma sassan motsin rai da tsoro. Mutanen ba su da yawa, wannan gaskiya ne, amma abin ya dace da sauran bincike, kuma ya nuna cewa ciwo mai naci yana da kama da abin da jiki ya koya ya haddace. To ka ga likitan da ya ce maka damuwa ce ya taɓo wani yanki na gaskiya amma ya faɗe ta ta hanyar da ba ta dace ba. Kalmar "kawai" ɗin nan ita ce kuskuren. Canjin da ke cikin laka da ƙwaƙwalwa canji ne na jiki kamar yadda hawan jini yake na jiki.

Yanzu hoton MRI ɗinka, wanda na tabbata shi ya fi tsaya maka a rai. A 1994 aka buga wani bincike a Amurka, aka ɗauki mutum 98 da ba sa jin ciwon baya kwata-kwata aka yi musu hoton. Kashi 36 cikin 100 ne kawai faifansu duka suke daidai, kashi 52 suna da faifai aƙalla ɗaya da ya turo, irin naka sak. A 2015 aka tattara bincike 33 na mutum 3,110 marasa ciwo, aka ga alamun tsufan faifai a kashi 37 na masu shekara 20, a kashi 96 na masu shekara 80, turowar faifai kuma daga kashi 30 zuwa kashi 84. Wato da za a kwashi 'yan layinku na kasuwa masu shekara 40 a kai su hoto, kusan rabinsu za a rubuta musu abin da aka rubuta maka, har da maƙwabcin naka wataƙila, kuma suna nan suna ɗaukar buhu. Furfura ce ta ciki. Binciken tagwaye da aka yi a Finlan ma ya nuna gado ya fi aikin ƙarfi tasiri a kan yadda faifai ke tsufa. Kuma ko faifan da ya fashe da gaske ya fito, kusan biyu cikin uku jiki yana tsotse su da kansa, manyan ma sun fi saurin bajewa.

A nan ne nake jin ciwon abin da mu ma'aikatan lafiya muke yi. Mutum ya biya kuɗi masu yawa ya yi hoto, a ɗaga fim ɗin a gabansa a nuna masa da biro a ce ka ga bayanka ya zaizaye, ƙashinka ya goce, in ka sake sunkuyawa za ka iya shanyewa. Minti biyu aka yi ana maganar, shi kuma zai kwana da ita shekara. Daga ranar duk motsin da zai yi da wannan hoton a ransa zai yi shi, kamar maginin nan da ya ga ƙusa. Na sha karɓar marasa lafiya da abin da ya fi nakasa su jimla ɗaya ce da wani mai farar riga ya faɗa musu a tsaye.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Masu bincike biyu, Johan Vlaeyen da Steven Linton, sun tsara wannan a rubuce a 2000, kuma an gwada shi a ƙasashe da yawa. Mutum ya ji ciwo, ya fassara shi da cewa wani abu na karyewa a ciki, tsoro ya shiga, ya daina sunkuyawa ya daina ɗauka ya daina tafiya, tsokoki su yi rauni su kuma ɗaure tamau saboda kullum a cikin gadi suke, ranar da ya gwada motsi ya ji zafi ya ce ka gani dama na sani, ya ƙara janyewa. Kasuwa ta ja baya, zumunci ya ragu, ya zauna daga shi sai sauraren bayansa. Sati ukun da ka kwanta, na san da niyyar jinya ka yi kuma haka kowa zai ce maka ka yi, amma bai taimaka ba. A Helsinki an raba ma'aikatan birni 186 masu sabon ciwon baya gida uku, wasu kwanciyar kwana biyu, wasu motsa baya na musamman, wasu aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon yadda za su iya. Sakamakon ya fito a 1995, waɗanda suka ci gaba da harkokinsu su suka fi saurin warkewa da komawa aiki, masu kwanciya su ne na baya. Kwana biyu fa kawai. Ina kyautata zaton maƙwabcinka bai samu damar kwanciya ba ne, ya daure ya fita, kuma jikinsa ya samu labari da wuri cewa motsi ba haɗari ba ne.

Barci kuma kar ka ɗauke shi ƙaramin abu. Mutane suna ganin ciwo ne ke hana barci, haka ne, amma binciken da ya bi mutane shekaru ya nuna rashin barci shi ma yana jawo ciwo, har ma ya fi ƙarfi ta wannan ɓangaren. A Norwe an ɗauki mata 12,350 da ba su da ciwon jiki aka bi su kusan shekara goma, waɗanda ke yawan fama da matsalar barci haɗarin kamuwarsu da ciwon jiki gaba ɗaya mai naci ya ninka fiye da sau uku. Kai ma ka san ranar da ka kwana ba ka runtsa ba yadda jiki ke tsami. Haka yanayin rayuwa. A kamfanin jiragen sama na Boeing an bi ma'aikata 3,020 ana neman abin da zai nuna wa zai kawo ƙarar ciwon baya, aka auna ƙarfinsu da laushin jikinsu, sai ga shi a rahoton 1991 waɗanda suka ce ba sa jin daɗin aikinsu sun ninka sauran sau biyu da rabi wajen kawo ƙarar. Bashi, rigimar gida, kaya sun yi tsada ciniki ya tsaya, fargabar me yara za su ci in na kwanta, duk waɗannan hannu ne a kan maɓallin amfilifayar nan. Taba sigari ma tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna tafiya da nacin ciwon baya.

Akwai wani sabon bincike da ya ba mu mamaki mu kanmu. A 2022 masana a jami'ar McGill ta Kanada suka duba jinin mutum 98 masu sabon ciwon baya, suka sake dubawa bayan wata uku. Kowa ya zaci waɗanda kumburi ya fi yawa a jikinsu su ne ciwon zai zauna musu. Sai aka ga akasin haka, waɗanda suka warke su ne jikinsu ya tayar da kumburi mai ƙarfi da farko ta hanyar wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutirofil sannan ya kwantar da shi, waɗanda ciwon ya zauna musu kuma jininsu shiru kamar ba abin da ya faru. Da suka gwada a ɓeraye, waɗanda aka ba magungunan kashe kumburi dezametazon ko diklofenak tun farko sun samu sauƙi nan take amma ciwonsu ya daɗe sosai fiye da na sauran. A bayanan dubban mutane na Birtaniya ma masu shan magungunan kashe kumburi sun fi zama da ciwon bayan shekaru. Ɓangaren magani na binciken a kan ɓeraye da bayanan lura aka gina shi, don haka ba a ce a jefar da waɗannan magungunan ba, likita yana iya ba ka na ɗan lokaci kuma daidai ne. Amma ya isa ya sa mu tsaya mu dubi haɗin kemis ɗin da ake ƙulla wa mutane a leda, ƙwaya biyar shida ba suna, a ciki sau da yawa akwai masu kashe kumburi iri biyu da siteroyid, mutum ya yi wata da watanni yana sha. Ko ba maganar nacin ciwo, olsa da ciwon ƙoda da hawan jini da suga suna bakin ƙofa. Don Allah in har yanzu kana sha ka kwashe su ka kai wa likita ya gani, kuma in akwai siteroyid a ciki ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janyewa.

Tiramadol kuwa ka yi nesa da shi. Mun ga abin da ya yi wa matasanmu, kuma da yawa da ciwon jiki na aikin ƙarfi suka fara. A 2018 wani gwaji a kan tsofaffin sojojin Amurka 240 masu ciwon baya da gwiwa da ƙugu ya nuna bayan shekara guda magungunan dangin ofiyom, dangin da tiramadol yake ciki, ba su fi na yau da kullum ba, illa ce kawai ta fi yawa. A 2023 a Ostireliya aka gwada su a sabon ciwon baya da wuya, ba su fi ƙwayar da babu magani a ciki ba. Kuma shan su na dogon lokaci yana iya ƙara wa jijiyoyi kaifin jin zafi, wato ainihin abin da muke son ragewa.

Abin da ke sa ni ƙwarin gwiwa shi ne tsarin da ya koyi ɗaga murya yana iya koyon sauke ta. A Ostireliya an yi gwaji da mutum 492 masu ciwon baya mai naci, da yawansu sun shekara da shekaru suna fama, aka buga a mujallar Lancet a 2023. Likitocin fisiyo suka zauna da kowane ɗaya suka ji labarinsa, suka fahimtar da shi ciwonsa, suka koya masa sake yin motsin da yake tsoro cikin sakin jiki, suka gyara barci da harkokin yau da kullum, zama bai wuce takwas ba. Sun samu sauƙi a ciwo da iya aiki fiye da masu kulawar da aka saba, kuma sauƙin yana nan bayan shekara. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko a kan wannan ciwon, ta goyi bayan ilimantar da mara lafiya, motsa jiki, tausa, da taimakon masana halayyar ɗan adam, ta kuma ce a bar ɗaura bel, a bar jan baya da na'ura, a bar dangin ofiyom.

Don haka ga abin da zan ce maka da kana gabana. Ka nemi likitan fisiyo wanda zai tsayar da kai ya motsa ka, in wanda ka samu kullum fitila da na'urar lantarki kawai yake jona maka ka kwanta minti ashirin ka tashi, to ka tambaye shi yaushe za a fara motsa jiki. Ka fara tafiya kullum daga abin da ka san ba zai kwantar da kai gobe ba, ko minti goma ne, ka riƙa ƙara kaɗan duk sati, kuma ranar da ka ji daɗi kar ka ce bari in rama na wata tara, nan ne mutane ke faɗuwa. Zafi zai ɗan tashi in ka fara, in dai ya lafa zuwa washegari to ba ɓarna ka yi ba. Bel ɗin ka fara cire shi a gida. Kasuwa ka koma ko da zama ne da lissafi, sannan mudu, sannan tiya, sannan rabin buhu, watanni za a ɗauka. Salla a zaune rangwame ne da addini ya yi wa mara lafiya kuma ba laifi ka yi ba, amma ruku'u da sujada suna cikin mafi kyawun abin da za mu yi amfani da shi, ka fara gwada su a nafila a gida inda ba mai jiranka, raka'a biyu, kana sakin numfashi lokacin da kake sunkuyawa, ka saki ciki kar ka ɗaure shi. Shayi mai kauri da goro ka bar su daga la'asar, waya ta bar kan gado.

Maganar tiyata kuma, tana da wurinta, kuma ina tura mutane da kaina. Wurinta shi ne alamomin gaggawan da na lissafa a farko, ko ciwon da ke sauka ƙafa ɗaya har ƙasan gwiwa da sagewa da rauni wanda hoto ya nuna jijiyar da aka danne daidai wurin kuma ya ƙi jin magani. Ciwon da ke yawo daga ƙugu zuwa kafaɗa da faifan da ya ɗan turo ba ya cikin wannan. Ka koma wurin likitan da ya ce sai tiyata ka tambaye shi cikin ladabi wace jijiya ce aka danne, wace alama ce a jikinka ta nuna haka, kuma me zai faru in an jira wata uku ana motsa jiki. In amsar ba ta gamsar da kai ba ka nemi ra'ayin wani likitan ƙashi ko na laka a babban asibiti. Sannan ka sake rubuto min ka faɗa min ko ciwon cinyar yana wuce gwiwa, ko akwai yatsan ƙafar da ya mutu, da kuma sunayen ƙwayoyin da kake sha yanzu.